Rijiyar Da Ka Sha Ruwanta, Wa Zai Yashe Ta?

Duk wanda ya daɗe a nan Kurmi, ko a Agege yake ko a Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san wani abu da maƙwabtanmu kan yi a ƙarshen mako. Ran Asabar ko Lahadi da yamma sai ka ga an kafa rumfa, an jera kujeru, dattawa masu furfura sun hallara da hula iri ɗaya, suna kiran juna da laƙabin da aka sa musu tun suna yara. In ka tambaya sai a ce maka ai tsofaffin ɗaliban makaranta kaza ne. Ba za a tashi ba kuwa sai magatakarda ya karanta abin da aka zartar a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya ajiye kuɗinsa na wata an ba shi rasit.

Mu kan wuce su mu tafi harkarmu. Amma fa kusan kowannenmu akwai makarantar da ya baro a gida, ko kwaleji ce, ko makarantar horon malamai, ko sakandaren jeka-ka-dawo, ko ma firamare da Islamiyya. Can aka koya masa lissafin da yake ciniki da shi yau a Mile 12, can ya koyi Turancin da yake cike takardar banki da shi. Da yawanmu kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu suna can a waɗannan makarantu, mu ne muke aika musu kuɗin sabulu da garin kwaki. To tambayar ita ce, yaushe rabon da wani ya zo ya same ka a rumfarka ko a ofishinka da sunan makarantarku? In kuwa ba a taɓa zuwa ba, laifin wa?

Domin mu gane bakin zaren, bari mu ɗauki uwar kwalejojin Arewa, watau Kwalejin Barewa ta Zariya, mu yi misali da ita.

DAGA KATSINA ZUWA ZARIYA

An kafa wannan makaranta a Katsina a 1921 domin horar da malamai, Gwamna Hugh Clifford kuwa shi ya buɗe ta a 1922. A 1938 aka mai da ita Kaduna, aka riƙa kiranta Kwalejin Kaduna, sa'an nan a 1949 ta koma Zariya inda take har yanzu. Sunan Barewa kuwa a 1971 aka raɗa mata shi. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, an mai da shi gidan tarihi.

Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi karatu a cikinta tun tana Katsina. Mutum biyar da suka shugabanci Nijeriya ɗalibanta ne: Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammed, da Alhaji Shehu Shagari, da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Malam Aminu Kano ma ɗalibinta ne zamanin tana Kaduna, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar kuwa bayan ta koma Zariya. Sarakuna da ministoci da gwamnoni da alƙalai da likitocin da suka fito daga cikinta kuwa, in aka ce za a jera su sai shafin nan ya cika ba a kai rabi ba.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, wadda aka sani da BOBA, tun 1939 aka kafa ta, zamanin makarantar tana Kaduna. Ke nan ta girmi 'yancin kan Nijeriya da shekara 21. A 2021 aka yi bikin cikar kwalejin shekara 100.

Akwai wani abu guda da Barewa take da shi wanda ya kamata kowace makaranta ta yi koyi da shi. Kowane yaro da ya shiga akan ba shi lamba a rajista, lambobin nan kuwa a jere suke tun daga Katsina, ba a sake farawa ba. Mutum ya zama janar, ya zama shugaban ƙasa, lambarsa tana nan. Janar Gowon alal misali shi ne mai lamba 783. Wannan rajista ta fi kowace irin gidauniya daraja, don kuwa makarantar da ta san 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ita ce za ta iya nemansu ran da ta shiga matsi.

GWAMNATI KAƊAI BA ZA TA IYA BA

Wani zai ce, ai makarantar gwamnati ce, me ya kai mu gyara wa gwamnati kayanta? Maganar tana da kama da gaskiya, amma a duba yadda al'amarin ya sauya.

Zamanin su Sardauna suna ɗalibai, kwalejin guda ɗaya ce tilo irinta a duk Arewa, ɗalibanta kuma 'yan kaɗan ne, an tsamo su ne daga makarantun Midil na larduna. Littafi, da tufafi, da abinci, duk hukuma ke bayarwa. A 1967 aka raba ƙasa jihohi 12, a 1996 suka kai 36, kowace jiha da nauyin da ke kanta. A 1976 aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu, bayan 'yan shekaru kuma suka yi dafifi a ƙofar sakandare. Kafin a gama gina musu azuzuwa sai kuɗin mai ya faɗi, a 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta zube. Tun daga wannan lokaci, abin da jiha ke ware wa ilmi galibinsa a albashi yake tafiya, gyaran rufi da sayen kayan ɗakin kimiyya sai in an sami rara.

Akwai asusun harajin ilmi da aka kafa da doka mai lamba 7 ta 1993, inda aka ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Da fari kuɗin nan yana isa makarantu manya da ƙanana. Amma a 2011 aka sake dokar, asusun ya koma TETFund, aka taƙaita shi ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilmi na gwamnati. Makarantu irin su Barewa, da Rumfa ta Kano, da Alhudahuda ta Zariya, da Kwalejin Keffi, da ta Bida, da Kwalejin Sarauniya Amina ta Kaduna, ba sa cikin masu cin wannan gajiya, don a matakin sakandare suke. Ke nan bayan gwamnatin jiha, ba su da wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa da ta wuce ta 'ya'yan da suka yaye.

CIWON RANAR GIDAUNIYA

Ba a ce tsofaffin ɗalibai ba sa taimako ba. Suna yi, akwai ma waɗanda suka gina azuzuwa da masallatai da rijiyoyin burtsatse su kaɗai, Allah ya saka musu. Abin da ake kuka da shi shi ne hanyar da aka saba bi wajen neman kuɗin.

Duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamar da gidauniya ya san yadda ake yi. A kama babban zaure a otal, a buga katin gayyata mai ruwan zinariya, a naɗa uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa. Sanƙira ya kama lasifika, wane ya ba da miliyan kaza, a yi tafi, wane ya ce a madadinsa da iyalinsa zai gina ɗakin kwana, a yi tafi. Washegari jaridu su buga jimla mai tsoratarwa. Bayan wata shida ma'aji yana nan yana zarya a ƙofar ofisoshi, masinja yana ce masa Oga ya yi tafiya. Alkawari kaya ne, amma wanda aka yi don tafi ba shi da nauyi a kan mai shi.

Illar wannan hanya iri uku ce. Ta fari, ta dogara ga mutum goma ko ashirin masu hannu da shuni, ran da suka sauka daga muƙami ko kasuwa ta juya musu baya, shi ke nan rijiya ta ƙafe. Ta biyu, tana korar talaka. Malamin firamare ko kofur ɗin soja da ya zo da Naira 5,000 a aljihu, in ya ji ana kiran miliyoyi sai kunya ta kama shi, ya mai da kuɗinsa ya sulale, ba kuma zai sake zuwa ba. Ta uku kuwa ita ce mafi muni: ba a cika komowa a gaya wa jama'a nawa aka karɓa a hannu, da abin da aka yi da shi ba. Inda ba a yi bayani ba kuwa zato ke shiga, in zato ya shiga hannu sai ya ƙulle.

ABIN DA WAƊANSU SUKA YI

Tun da a cikin mutanen Kudu muke zaune, ba sai an kai mu nesa ba. A 1938 ƙungiyar ƙabilar Ibibio ta tara kuɗi daga manoma da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata, ta aika da samarinta shida ƙasashen waje neman ilmi mai zurfi. Babu attajiri guda da ya ɗauki nauyin, karo-karo ne.

Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, wadda aka kafa a 1929, ita ce ta yaye marubucin nan Chinua Achebe. Da ta lalace, tsofaffin ɗalibanta ba su tsaya ga fenti da gyaran taga ba. Sun kafa kwamitin amintattu mai rajista, suka zauna da gwamnatin Jihar Abiya, a 2014 aka sa hannu aka miƙa musu riƙon makarantar. Ba lalle wannan ya dace da kowace makaranta ba, don in ba a yi hattara ba kuɗin makaranta zai fi ƙarfin ɗan talaka. Amma ya nuna cewa gwamnati takan saurari ƙungiyar da ta zo da tsari a rubuce.

A Amurka kuwa akwai wani labari mai ban sha'awa. Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, ya gama Jami'ar Johns Hopkins a 1964. Shekara guda bayan haka ya aika mata da gudummawarsa ta fari, dala 5 kacal. A 2018 shi ne ya ba ta dala miliyan 1,800 a karo guda, domin taimakon ɗalibai marasa ƙarfi. Da jami'ar ta raina dala 5 ɗin nan, ba ta rubuta sunansa ba, ba ta ci gaba da nemansa ba, wa ya san inda dukiyar za ta nufa? Yaron da ke tura baro a Alaba yau, ba wanda ya san abin da Allah zai mai da shi nan da shekara ashirin.

HANYAR DA ZA TA ƁULLE

Maganin abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san gayya, mun san adashi, mun san yadda ake haɗa wa ɗan'uwa kuɗin mota in rasuwa ta same shi a gida. Abin da ya rage shi ne a ɗauko wannan hali a sa masa littafi da biro.

Mataki na fari, a san mutane. A je ofishin shugaban makaranta a kwafo rajista tun daga farko, a raba ta aji-aji bisa shekarar fita. Kowane aji a naɗa masa wakili guda, aikinsa ya nemo 'yan ajinsu, wa ke raye, wa ya riga mu gidan gaskiya, wa ke ina, mene ne lambar wayarsa. Yau da kusan kowane aji yake da zaurensa a WhatsApp, aikin da a dā sai an yi shekara ana aika wasiƙu, yanzu wata guda ya isa. Kada a manta da waɗanda ba su kai ga gamawa ba, su ma sun sha ruwan rijiyar, sau da yawa ma su ne suka yi arziki a kasuwa.

Na biyu, a fara da zumunci kafin roƙo. Mutumin da ba a gaishe shi ba shekara talatin, ba a je masa suna ba, ba a yi masa ta'aziyyar mahaifinsa ba, in takardar farko da ya samu ta neman kuɗi ce, ina zai ji daɗin bayarwa? Zumunta a ƙafa take. Mai roƙon kuma ya zama ɗan ajinsu ne, wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya, suka sha bulala tare. Mutum yana iya share takardar shugaban ƙungiya na ƙasa, amma da wuya ya share kiran wanda suka kwana ɗaki ɗaya shekara biyar.

Na uku, a yanka abin da kowa zai iya, a kuma riƙa karɓa a kai a kai. Ga lissafi mai sauƙi, a matsayin misali. A ce an sami mutum 5,000, kowa yana ba da Naira 2,000 a wata. A wata guda an tara Naira miliyan 10, a shekara miliyan 120, ba a kama zaure ba, ba a biya makaɗa ba. Wanda Allah ya hore wa ya ƙara a kai, amma sunan mai dubu biyu da na mai miliyan biyu su fito a takarda ɗaya. Abin da za a riƙa gasa a kai tsakanin aji da aji shi ne mutum nawa suka bayar, ba nawa aka bayar ba.

Na huɗu, a faɗi aikin da za a yi tun kafin a karɓi kuɗin. "Ku taimaka wa makaranta" magana ce mai faɗi, ba ta motsa kowa. Amma in aka ce rufin ɗakin kwana kaza ya yaye, ga hotonsa, kwano bandir kaza ake bukata, ga kuɗin kafinta, za a gama kafin damina, to kowa ya ga inda kuɗinsa za su. A kuma tambayi shugaban makaranta da malamai abin da ya fi damunsu. Sau da yawa tsofaffin ɗalibai sun fi son gina ƙofa mai ƙawa da za a rubuta sunansu a jiki, alhali yara ruwa suke nema, da makewayi, da malamin lissafi, da kuɗin jarrabawar fita ga marayu.

Na biyar, shi ne ginshiƙin duka, a tsare amana a kuma nuna an tsare. Ƙungiya ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, ta buɗe asusu a banki da sunanta, ba da sunan wani mutum ba, kome girmansa. Kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Duk wata uku a aika wa kowa da takardar banki, duk shekara a kira mai binciken kuɗi daga waje. Wanda ya bayar, ko nawa ne, a aika masa da rasit da godiya a cikin mako. In an gama aiki a ɗauki hoto a aika. Gani ya kori ji.

Na shida, a yi tanadin gobe. Kada a cinye duk abin da aka tara a shekararsa. A ware wani kaso a sayi abin da zai riƙa kawo riba, ko shaguna ko gidan haya, a yi wakafinsa ga makaranta, uwar kuɗi tana nan, ribar ake taɓawa. Manyan jami'o'in Turai da Amurka da irin wannan suke rayuwa, kafin su kuma Azhar ta Masar ta yi ɗaruruwan shekaru a kan dukiyar wakafi. Malamanmu sun sha gaya mana falalar sadaka mai gudana, to ga ƙofarta a buɗe.

RABONMU MU MAZAUNA KUDU

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi galibi a Kaduna da Kano da Abuja suke, idonsu kuma a kan manyan ma'aikata yake. Ba su cika tunawa da ɗan canji a Ikko, ko dillalin shanu a Oko-Oba, ko mai gwari a Mile 12, ko direban tanka a Apapa, ko soja a barikin Ikeja ba. Alhali kuwa kuɗin da ke tafiya gida daga hannun waɗannan bayin Allah kowane wata ba kaɗan ba ne, kuma sun fi kowa sanin zafin rashin ilmi, don su ne ake miƙa wa takarda da Turanci a ce su sa hannu.

Saboda haka kada mu jira sai an zo nemanmu. In ku biyar ne 'yan makaranta ɗaya a gari, kun isa reshe. Ku zaɓi magatakarda da ma'aji, ku sanar da Sarkin Hausawa don a san da zamanku, ku sa ranar haɗuwa sau ɗaya a wata, ko bayan sallar Juma'a ko ran Lahadi da kasuwa ta yi sauƙi. Ku rubuta wa uwar ƙungiya ku ce ga mu, ga sunayenmu, a aiko mana da lissafin bara. In makarantarku ba ta da ƙungiya, to ku ne za ku fara. Mata ma haka, waɗanda suka yi makarantun 'yan mata aure ya kawo su nan, su ma su nemi juna. A wajen riƙon adashi ai su ne malamanmu.

Wanda zai je gida da Sallah kuma, ya ware sa'a guda ya leƙa makarantarsu. Ya gaida shugaba, ya shiga ajin da ya zauna, ya dubi allo da benci da rufi, ya leƙa inda yara ke ɗiban ruwa. In ya dawo ya ba 'yan'uwa labarin abin da idonsa ya gani, ba ƙari ba ragi. In ya tarar da abin yabo ya yaba, don malaman da ke fama a can su ma suna bukatar a san da su.

Waɗanda suka haƙa mana rijiyar nan yawancinsu sun tafi. Harajin kakanninmu manoma, na gyaɗa da auduga da jangali, shi aka tara aka gina waɗannan makarantu, su kuwa ko ƙofar aji ba su taɓa shiga ba. Mun zo mun sha, mun yi gaba. Yanzu ga 'ya'yanmu a bakinta riƙe da guga. Kafin ƙarshen watan nan, mai karatu, nemi lambar mutum guda da kuka yi aji ɗaya, ka kira shi ku gaisa, ka tambaye shi ina sauran. Daga nan ake farawa.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyi, ya kai mu gida lafiya.